Kosoko na Ikko: Sarkin da Ƙarfinsa Ke Kan Ruwa

Gabatarwa

Manazarcin Hausa yakan ci karo da sunan Kosoko ne a gefen wani labarin daban, ko dai wajen bayanin yadda Turawan Ingila suka yi wa Ikko ruwan igwa a 1851, ko kuma a shimfiɗar tarihin dakarun Hausawa na Glover. Littattafan makaranta na zamanin mulkin mallaka sun gabatar da shi a matsayin azzalumin dillalin bayi da aka tumɓuke don jinƙai, waɗanda aka rubuta bayan samun 'yancin kai kuwa suka mayar da shi gwarzon da ya fara ja da Turawa. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, sai dai dukansu daga fada suke kallonsa. Wannan maƙala za ta bi rayuwarsa ne ta bakin ruwa, wato ta ƙananan garuruwan masunta da kasuwannin gaɓa da suka kewaye mashigin Ikko, domin a can ƙarfinsa yake, can ya fake da ya rasa sarauta, kuma a can ne sawunsa ya fi fitowa har yau.

Ruwan da ya tashi a bakinsa

Daga Kwatano zuwa kusa da ƙasar Bini, bayan gaɓar teku, akwai jerin tafkuna da ƙoramu masu haɗe da juna, waɗanda siririn tudun rairayi ya raba su da teku. Mai kwalekwale zai iya tashi daga Porto-Novo, ya ratsa Badagiri, ya wuce Ikko, ya isa Epe da Lekki, ba tare da ya taɓa igiyar teku ba. A duk tsawon wannan hanya, a Ikko ne kaɗai ruwan yake da tabbatacciyar ƙofa zuwa teku rani da damina. Amma ƙofa ce mai haɗari. Yashi ya tare bakinta, igiyar ruwa tana karyewa a kansa, ga manyan kifaye masu cin mutum. Saboda haka manyan jiragen Turawa can waje suke tsayawa, sai kwalekwale su yi jigilar kaya da mutane, galibi a hannun ƙwararrun matuƙa 'yan ƙabilar Fante da ake ɗaukowa haya daga gaɓar Gwalkwas. Sai a farkon ƙarni na 20 aka gina katangun duwatsu da suka ba manyan jirage damar shiga ciki.

Asalin mazauna wurin Yarabawan Awori ne, masunta da manoma, waɗanda suka gangaro daga Isheri zuwa Ebute Metta da Iddo, sannan suka haye tsibirin. Fadar sarkin ma, Iga Idunganran, a kan tsohuwar gonar barkono aka gina ta, sunanta kuma abin da yake nunawa ke nan. Ƙasa da wuraren su suna hannun sarakunan Idejo, irin su Aromire da Oloto da Ojora da Oniru da Onikoyi, kowane da yankinsa da ƙauyukansa. Sarki kuwa, wanda gidansa ke danganta kansa da Bini yana kuma aika mata gaisuwa, ba shi ne mai ƙasa ba. Wannan batu yana da muhimmanci ga mai son fahimtar Kosoko. A ƙasar Hausa sarki yana da talakawa masu noma da haraji da jangali. Sarkin Ikko ba shi da wannan. Dukiyarsa ita ce ciniki, rundunarsa ita ce bayinsa da barorinsa da kwalekwalen yaƙi, abincin garinsa kuma daga kasuwannin hayin ruwa yake zuwa, wato Ikorodu da Ikosi da Ejinrin da Epe, waɗanda duk ƙasar Ijebu ce. Wanda ya riƙe ruwa shi ya riƙe cikin garin.

Gaba a gidan sarauta

Kosoko ɗan Sarki Osinlokun ne, jikan Ologun Kutere. Tun yana saurayi gidan ya rabu biyu, domin mahaifinsa ya kori ɗan'uwansa Adele daga sarauta wajen 1821, Adele ya koma Badagiri yana kawo hari daga can. Bayan rasuwar Osinlokun wansa Kosoko, Idewu Ojulari, ya hau, bai daɗe ba manyan gari suka juya masa baya, ya kashe kansa bisa al'adar wancan zamani. A lissafi Kosoko ne ya kamata ya gaje shi. Abin da ya hana shi ne Eletu Odibo, shugaban sarakunan Akarigbere, wanda naɗin sarki ke hannunsa. Labarin baka ya ce Kosoko ya aure wata mace da aka riga aka yi wa Eletu Odibo baiko da ita, dattijon kuwa bai taɓa yafewa ba. Ya sa aka dawo da Adele a 1835, da Adele ya rasu a 1837 ya naɗa ɗansa Oluwole, ya sake tsallake Kosoko.

Gabar ta wuce batun gadon sarauta. An zargi 'yar'uwar Kosoko, Opo Olu, wata attajira mai bayi da yawa, da maita, aka kore ta daga gari. Kosoko ya ɗauki makami, aka ci shi da yaƙi a karon da ake kira Ogun Ewe Koko, ya gudu. Eletu Odibo ya sa aka tone ƙasusuwan mahaifiyarsa aka watsa a tafki. Shekarun gudun hijirarsa a Wida da garuruwan gaɓar yamma ba su tafi a banza ba, domin a can ya ƙulla zumunci da fataken Birazil, ya laƙanci sirrin cinikinsu.

A 1841 tsawa ta faɗa wa ma'ajiyar albarushi a fada, Oluwole ya halaka, aka naɗa Akitoye, ƙanen mahaifin Kosoko. Akitoye mutum ne mai son sulhu. Duk da gargaɗin da aka yi masa, ya kira Kosoko gida, ya ba shi sarautar Oloja na Ereko, ya bar shi ya kafa gidansa da fadawansa. A Yulin 1845 Kosoko ya yi wa fada ƙawanya har mako uku, ruwan sha ya ƙare wa na ciki suka koma shan ruwan gishiri, shi ya sa ake kiran yaƙin Ogun Olomiro, wato yaƙin ruwan gishiri. Akitoye ya tsere ta ƙoramar Agboyi zuwa Abekuta, daga baya ya sauka Badagiri. An ce babban jarumin Kosoko, Oshodi Tapa, wanda aka ɗora wa tsaron hanyar, shi ya kau da kai har tsohon sarkin ya wuce. Eletu Odibo bai sami wannan rangwame ba. An rufe shi a cikin gangar manja aka jefa a tafkin da ya watsa ƙasusuwan.

Shekara shida a kan gado

Lokacin da Kosoko ya hau, Ikko ta riga ta zama babbar tashar fitar da bayi a wannan yanki na gaɓa, ta sha gaban Wida. Dalilin yana can cikin ƙasa: rushewar daular Oyo, tawayen Afonja a Ilori a 1817, yaƙin Owu, da yaƙe-yaƙen jihadi da suka biyo bayan 1804 a ƙasar Hausa da Nufe da Barno. Duk waɗannan sun yi ta zubo kamammu zuwa kudu. Ana kawo su kasuwannin Ijebu na bakin tafki, a loda su a kwalekwale zuwa Ikko, a tsare su a rumfuna har jirgi ya samu, sannan a haye da su bakin teku. Abin da ake karɓa a madadinsu shi ne tabar Bahiya da barasa da bindigogi da albarushi da tufafi da wuri.

A nan ne tarihin Hausawa ya shiga cikin labarin kai tsaye. Daga cikin waɗanda aka bi da su ta wannan ƙofa a rabin farko na ƙarni na 19 akwai Hausawa masu yawa, waɗanda Yarabawa ke kira Gambari. Su ne suka shirya tawayen 1807 a Bahiya, su ne kuma kan gaba a na 1814, wanda ya faro daga sansanonin masunta na Itapuã a arewacin birnin Salvador, kamar yadda João José Reis ya nuna a bincikensa. Waɗanda ba a fitar ba aka bar su a Ikko suna tuƙi, suna dako, suna riƙe bindiga. Shi kansa Oshodi Tapa Banufe ne, kamar yadda laƙabinsa ya nuna, kuma a matsayin bawa ya shiga gidan Osinlokun kafin ya zama mai faɗa a ji. Wanda ya san matsayin bayin sarki a fadar Kano ko ta Zazzau ba zai yi mamakin wannan ba.

Bai kamata a sassauta hukunci a kan hannun Kosoko a wannan ciniki ba. Wasiƙun da aka tsinta a fadarsa bayan faɗuwarsa, waɗanda Pierre Verger ya yi nazarinsu, sun nuna cewa ba harajin tasha kaɗai yake karɓa ba. Da kansa yake aika bayi Bahiya da sunansa, wakilansa na can su sayar, su cire la'adarsu, su aiko masa da lissafi. A cikin wasiƙun ana ambaton mutanen ne da kalmar da ake kiran ƙunshin kaya da ita. Duk mai son ya kira shi gwarzo, ya fara karanta waɗannan takardu tukuna.

Ruwan igwa na 1851

Akitoye na zaune a Badagiri bai haƙura ba. Ya sami masu goya masa baya: 'yan mishan na CMS, da Egbawan Abekuta masu neman hanyar kogin Ogun ta buɗe musu zuwa teku, da 'yan kasuwan Ingila masu son manja. Ya yi alkawarin hana cinikin bayi idan aka mayar da shi. A Yunin 1851 rikicin ya tashi a cikin Badagiri kanta, magoya bayan sarakunan biyu suka gwabza, aka ƙone yawancin garin. Wannan shi ne abin da ya sha faruwa ga ƙananan garuruwan gaɓa: faɗan fadar Ikko ne, amma rumfunansu ne ke cin wuta.

A Nuwamba ƙaramin jakadan Ingila, John Beecroft, ya zo wa Kosoko da takardar yarjejeniya. Kosoko ya ƙi sa hannu, ya kafa hujja da cewa shi yaron Sarkin Bini ne, ba ya ƙulla irin wannan magana sai da izninsa. Ranar 25 ga wata Turawa suka kawo hari, aka fatattake su. Suka dawo ranar 26 ga Disamba da shiri mai ƙarfi. Kosoko da Oshodi Tapa sun kafa turaku a cikin ruwa don tare jirage, sun haƙa ramuka a bakin gaɓa, sun jera igwa. An yi kwana biyu ana ɓarin wuta, Turawa suka yi asarar mutum 15, wasu 75 suka jikkata, kafin wata roka ta faɗa wa ma'ajiyar albarushi. Ranar 28 ga wata Kosoko da jama'arsa suka shiga kwalekwale suka yi gabas. Aka mayar da Akitoye, ya sa hannu a yarjejeniya ranar 1 ga Janairun 1852.

Akwai abin lura a nan. Tun a Satumbar 1850 Birazil ta kafa dokar da ta toshe shigo da bayi, kasuwar da Kosoko ya dogara da ita ta riga ta fara mutuwa kafin a harba igwa ko ɗaya. Saboda haka, a ganina, masu cewa manja da neman iko da mashigin ruwa suna cikin dalilan harin ba su yi ƙari ba, ko da yake wannan bai wanke Kosoko daga komai ba.

Epe

Shekara goma sha ɗaya da ya yi a Epe su ne suka fi nuna ko shi wane ne, su ne kuma aka fi taƙaitawa a rubuce-rubuce. Epe a lokacin ƙaramin garin Ijebu ne na masunta da masu sassaƙa jirgi, a bakin siririn ruwan da ya haɗa tafkin Ikko da na Lekki. Da iznin Awujale, sarkin Ijebu, Kosoko ya sauka a nan da mabiya da aka ƙiyasta sun kai 1,500: sarakunan yaƙi irin su Oshodi Tapa da Dada Antonio, da matansu, da bayinsu, da malamai. Baƙin sun zo da bindigogi da kuɗi, ba da jimawa ba suka fi masu gari ƙarfi. Daga nan garin ya zama gida biyu, Ijebu Epe da Eko Epe, kowane da unguwanninsa da shugabanninsa, rabon da har yanzu bai goge ba.

Da farko ya nemi komawa da ƙarfin tuwo. A Agustan 1853 rundunar kwalekwalensa ta isa Ikko don haɗuwa da magoya bayansa da suka yi bore a cikin gari, sai jiragen Ingila suka kore ta. Akitoye ya rasu a watan Satumba, aka yi maza aka naɗa ɗansa Dosunmu. Harin ramuwa da aka kai Epe bai ci nasara ba. Daga nan Kosoko ya koma ga makamin da ya fi sani. Kwalekwalensa suka hana zirga-zirga tsakanin Ikko da kasuwannin Ijebu, manja ya yi ƙaranci a tasha, 'yan kasuwa suka fara kuka. A ɗaya gefen kuma ya buɗe wa kansa sabuwar ƙofa. Kudu da Epe, a kan tudun rairayin da ya raba tafki da teku, akwai ƙauyukan masunta biyu, Orimedu, wadda Turawa ke kira Palma, da Lekki. Ana kawo gangunan manja ta tafki, a gangara da su zuwa bakin teku, a loda wa jirage, ba tare da an biya wa Ikko ko wuri ɗaya na kwastan ba. Kamfanin Régis na Marseille a Faransa ya buɗe ma'ajiya a Palma. Ƙauyen da jiya ba a san shi ba sai wajen shanya taru ya wayi gari da akawuna da masu haɗa ganguna da 'yan dako.

Ƙaramin jakada Benjamin Campbell ya gane cewa ba a cin mutumin nan da yaƙi a kan ruwansa. Duk da adawar 'yan mishan da Egbawa, ya ƙulla yarjejeniyar Epe da shi ranar 28 ga Satumbar 1854. Kosoko ya yi alkawarin barin neman Ikko da barin fitar da bayi. Ingila ta amince da Palma a matsayin tasharsa, aka kuma yanka masa kuɗin shekara: kai 2,000 na wuri, ko dala 1,000. Kai ɗaya wuri 2,000 ne, jimilla wuri miliyan huɗu ke nan, wato keso 200 a lissafin fataken Kano. Sai dai a daidai wannan lokaci kamfanonin Jamus da Faransa suna ta jibge wurin Zanzibar a wannan gaɓa, darajarsa tana zubewa, faɗuwar da a hankali ta haura har kasuwannin ƙasar Hausa.

Barin fitar da bayi bai zama 'yanci ga bayin gida ba. Kristin Mann ta nuna yadda cinikin manja ya ƙara buƙatar hannaye, domin ganga ba ta tuƙa kanta. Mutanen da a da za a sayar wa jirgi, yanzu su ne matuƙa da 'yan dako da manoman gandu a ƙauyukan bakin tafki, a ɓangaren Kosoko da na Dosunmu baki ɗaya.

Wani abin da hijirar ta haifar, wanda mai yiwuwa shi kansa bai nufa ba, shi ne kafuwar Musulunci a Epe. Kosoko bai bar addinin gidansu ba, amma ya riƙe Musulmi hannu biyu, kuma T. G. O. Gbadamosi ya bayyana cewa da yawa daga cikin waɗanda suka bi shi Musulmi ne, cikinsu har da 'yan asalin arewa. Suka gina masallatai, suka buɗe makarantun allo, Epe ta zama ɗaya daga cikin garuruwan Yarabawa da Musulunci ya fi kama ƙasa. Da gwamnatin mulkin mallaka ta tashi buɗe makarantun boko na Musulmi, bayan ta Ikko a 1896, ta Epe ce ta biyo a 1898.

Komowa

Ranar 6 ga Agustan 1861 aka tilasta wa Dosunmu ya miƙa Ikko ga Ingila. Sabuwar gwamnatin ba ta da kuɗin shiga sai na kwastan, ga Palma da Lekki suna zurarar da shi, ga kuma tsoron kada Faransa ta riga ta kafa tuta a can. Gwamna Henry Stanhope Freeman ya ga cewa dawo da Kosoko zai toshe wannan kafa, ya kuma rage wa Dosunmu tasiri. A Satumbar 1862 Kosoko ya komo Ikko, ba a matsayin sarki ba, sai da tsohuwar sarautarsa ta Oloja na Ereko. A Fabrairun 1863 ya sallama Palma da Lekki, aka yanka masa fansho na fam 400 a shekara. Ba a ji an tambayi masuntan ƙauyukan biyu ba, balle Awujale da ke ganin ƙasar tasa ce.

Ba kowa ne ya biyo shi ba. Posu, ɗaya daga cikin manyan jarumansa, ya zauna a Epe ya ƙi miƙa wuya, har Turawa suka kai wa garin hari suka ƙone shi a 1863. Waɗanda suka dawo tare da Oshodi Tapa aka ba su fili a gabashin tsibirin, wurin da ake kira Epetedo, wato mazaunin mutanen Epe. An yanka shi gida-gida har 21, kowane a ƙarƙashin wani babban bara ko bawa na gidan Oshodi. Tambayar ko wa ke da waɗannan gidaje, zuriyar ubangida ko zuriyar bayin da suka zauna a ciki, ta yi ta yawo a kotuna har ta kai majalisar ɗaukaka ƙara ta Landan a 1930.

A shekarar da Kosoko ya sallama tashoshinsa ne John Hawley Glover ya fara tara bayin da suka gudo daga iyayengijinsu, galibinsu masu jin Hausa, ya ba su bindiga da kaki. Wato irin mutanen da suka tuƙa wa sarakunan Ikko kwalekwale, su ne suka zama ƙashin bayan rundunar da ta gaje su a kan tafkin. A 1865 suna cikin waɗanda suka kori Egbawa daga Ikorodu.

Kosoko ya yi sauran shekarunsa a Ereko yana kasuwanci, jama'arsa suna da kusanci da Glover fiye da jama'ar Dosunmu, abin da zai ba wanda ya ga Disambar 1851 mamaki. Oshodi Tapa ya rasu a 1868, shi kuma ya bi shi a 1872, aka binne shi a gidansa na Ereko. Shekara ashirin bayan haka, a Mayun 1892, rundunar da ta je cin Ijebu, da dakarun Hausawa a cikinta, a Epe ta sauka daga jirage, daga nan garin ya shiga ƙarƙashin Ikko. Zuriyar waɗanda suka ƙi komowa suna nan a Eko Epe. Kowace shekara a watan Muharram suna bikin Kayokayo, inda suke haɗa murnar sabuwar shekarar Musulunci da tunawa da saukar Kosoko a gaɓarsu. Ma'anar sunan bikin a Yarabanci ita ce ci har a ƙoshi, daidai da abin da Bahaushe ke kira cika-ciki a wannan wata.